Yadda Transisto Ya Karɓe Gurbin Resista a Amfilifaya

A shekarar 1936 wani injiniyan Ingila mai suna Alan Blumlein, ma'aikacin kamfanin EMI, ya yi rajistar wata dabara ta haɗa bawul biyu na rediyo su sha lantarki daga wutsiya ɗaya. Abin da ya shigo wa ƙafafun biyu iri ɗaya, kamar gurnanin wutar layi, sai a yi watsi da shi. Bambancin da ke tsakaninsu kaɗai ake ninkawa. Sau nawa za a ninka shi? Wannan ya danganta da lodin da aka rataya wa kowane ɓangare, kuma shekara da shekaru resista ce lodin.

Da transisto ya zo, lissafin ya fito fili. Ka raba bolt ɗin da ya zube a kan resistar da kusan milibolt 25, abin da ka samu shi ne ninkin. Resista mai om 5,000, lantarki miliamfa 1 na ratsa ta, ta cinye bolt 5, ninki ya kai 200. In ka ɗauki sigina daga gefe ɗaya kawai, rabi ya tafi. Ka ce bari in ninka resistar, sai ta nemi bolt 10. Ka rage lantarkin don wutar ta ishe ka, transiston ya yi sanyi, ka koma 200 ɗinka. Gaba kura baya siyaki ke nan. A zamanin bawul abin bai dami kowa ba sosai, domin amfilifaya K2-W na George Philbrick bolt 300 yake sha ta kowane gefe.

Kan ƙwayar silikon kuwa babu wannan wadata. Wutar ba ta wuce bolt 15, ga shi babbar resista tana cin fili fiye da transisto da yawa. Bob Widlar ya fitar da amfilifaya 709 a kamfanin Fairchild a 1965, har lokacin da resista a matakin farko. Bayan ya koma National Semiconductor, a 1967 ya fito da LM101, inda ya sa transisto ya zama lodin ɗan'uwansa. A ganina nan ne tarihin ya juya.

Transiston da aka tsayar wa lantarki, ƙasa da bolt 1 ya ishe shi zama, amma ga sigina yakan yi taurin kai kamar resista mai om 100,000. Iyakarsa ita ce ɗan yoyon da James Early na Bell Labs ya bayyana a 1952. Da haka mataki guda ya kai ninki dubu ko fiye. Idan kuma aka haɗa lodin a matsayin madubi, wato gefe ɗaya yana kwafar lantarkin ɗayan, rabin nan da ke salwanta sai ya dawo.

Ninki mai yawa yakan sa amfilifaya kuwwa, don haka LM101 sai an ɗaura masa kafasita daga waje. Dave Fullagar na Fairchild ya cusa kafasita mai fikofarad 30 cikin wata sabuwar ƙwaya a 1968, aka sami 741, mai ninki wajen 200,000, wanda har yau ɗalibai ke koyon aiki da shi. Ƙwayoyin wayar hannu na yanzu da bolt 1 ko ƙasa suke aiki, ƙananan transistocinsu kuma sun fi yoyo, shi ya sa injiniyoyi ke ɗora wani kan wani don lodin ya ƙara tauri, kowane hawa yana cin nasa rabon daga ɗan bolt ɗin da ya rage.