Tsakanin kafaɗa da ido: tarihin bindigar farauta mai sakata

Duk maharbin da ya taɓa yini a daji da bindiga rataye ya san cewa nauyinta na hantsi daban yake da nauyinta na la'asar. Ƙarfen bai ƙaru ba, kafaɗa ce ta gaji. Sai dai kuma bindigar da ta fi daɗin ɗauka ita ce ta fi wuyar tsayawa cik a lokacin auna. A kan wannan ciniki tsakanin kafaɗa da ido aka gina tarihin bindiga mai sakata, wato wadda ake ɗaga mariƙinta, a ja baya, a tura harsashi gaba, a kulle kamar yadda ake sa wa ƙofa sakata.

Asalinta na fagen fama ne. A shekara ta 1841 rundunar Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, ta karɓi bindigar da maƙeri Dreyse ya ƙera. Faransa ta bi sawu da Chassepot a 1866, da Gras a 1874, sannan Lebel a 1886. Lebel ce ta fara aiki da albarushi maras hayaƙi, wanda Paul Vieille ya haɗa a 1884. Wannan albarushi ya sa harsashi ya ƙanƙance daga milimita 11 zuwa 8, ya ƙara gudu, ya ƙara nisa. Bindigogi masu sakata ne a hannun sojojin da suka ci Damagaram a watan Yuli na 1899. Shekara guda kafin nan, a 1898, Paul Mauser ya fito da samfurin da har yau maƙera ke koyi da sakatarsa. Dukansu sun haura kilo 4, domin soja ba ya zaɓe, abin da aka ba shi yake ɗauka.

Mafarauci kuwa yana zaɓe. Waɗanda suka fara ƙorafin nauyi su ne masu hawan duwatsun Alfa suna bin akuyar dutse, inda kowane taki ke cin numfashi. Masana'antar Steyr ta ƙasar Ostiriya ta biya musu bukata da Mannlicher-Schönauer ta 1903: gajeruwa, mai harsashin milimita 6,5, nauyinta wajen kilo 3. Ba da jimawa ba ƙananan harsasai irin wannan suka iso Afirka. Baturen nan Walter Bell, wanda aka laƙaba wa Karamojo, ya kashe giwaye fiye da 1.000, akasarinsu da Mauser mai milimita 7, a zamanin da takwarorinsa ke ɗaukar manyan bindigogi masu baki biyu. Sirrinsa shi ne ya san inda ƙwaƙwalwar giwa take, kuma yakan matsa kusa da ita ƙwarai kafin ya ja kunama. Bindigarsa ta yi sauƙi, amma bai nemi ta yi masa aikin nesa ba.

A Amurka aka nemi a haɗa biyun, sauƙi da nisa. Kamfanin Winchester ya fito da harsashin .270 a 1925, wanda marubuci Jack O'Connor ya yi shekaru yana yabawa wajen farautar ragon dutse. A 1952 kamfanin ya rage wa bindigarsa Model 70 nauyi, ya kira ta Featherweight, wato mai nauyin gashin tsuntsu. A 1985 Melvin Forbes ya fara sayar da bindigar da ba ta kai kilo 2,5 ba, bayan ya sauya ƙotar katako da ta zaren roba mai ƙarfi. A 2007 kuma kamfanin Hornady ya kawo harsashin 6.5 Creedmoor, siriri mai tsawo, wanda ke yanka iska ba tare da tsananin naushi ba.

Duk da haka, kowane giram da aka cire sai an biya kuɗinsa. Idan harsashi ɗaya ne aka raba nauyin bindiga biyu, naushin da take kai wa kafaɗa yakan kusan ninkawa, maharbi ya soma runtse ido tun kafin harbi ya fita. Siririn bututu yana saurin zafi, bayan harbi kaɗan harsasai su fara watsewa. Bugun zuciya ma yana girgiza bindiga maras nauyi. Ga nisa da nasa haraji: harsashi mai gudun mita 800 a daƙiƙa yakan sauka fiye da mita 2 kafin ya cika mita 500, iska kuma tana tura shi gefe. Shi ya sa masu gasar harbin nesa ke ɗora bindiga mai kilo 8 zuwa 10 a kan matokari. Mai gasa idan ya kuskure, maki ya rasa. Mafarauci idan ya kuskure da taƙi ɗaya, ya bar dabba da rauni ta je ta mutu a ɓoye.

Ƙasashen Sahel sun ga ƙarshen wannan hanya da idonsu. Sa'ad da bindiga mai dogon zango ta hau mota mai shiga rairayi, tazarar da ke kare namun daji ta ƙare. Fari da cunkoson dabbobin kiwo sun taimaka, amma harbi ne ya yi babbar ɓarna. Mariri, mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, ya ɓace daga Nijar da Cadi, har ƙungiyar UICN ta bayyana a 2000 cewa babu sauransa a daji. Sai a 2016 aka sake sakin wasu a Cadi daga waɗanda aka kiwata a waje. A wannan shekara masu ƙidaya suka zagaya yankin Termit, suka ga barewar hamada da ake kira adaks guda 3 kacal.

Shekaru fiye da 180 maƙera suna rage wa kafaɗa kaya, suna ƙara wa ido zango. Abin da ba su iya ƙerawa ba shi ne haƙurin maharbin da zai dubi nisa, ya dubi iska, ya sauke bindigarsa ya ce yau ba rabo.