Aikatau «shafa» a Adar da tarihin rubutunsa

Ingilishi yana da aikatau guda, smear, wanda ya haɗa shafa mai, yaɓa laka da ɓata suna. Hausa ta rarraba su. «Shafa» shi kaɗai ba ya nufin ƙazanta: ana shafa mai, ana shafa fatiha. Sai an ambaci abin da aka shafa ne sharri ke fitowa, kamar a «shafa masa kashin kaji».

Wahalar da wannan aikatau ya kawo wa yaƙi da jahilci ta rubutu ce. A Buza da Kaita, har Madawa, /f/ ta Kano tana fita «hw» kafin /a/, «h» kafin /i/ da /e/. Saboda haka saiwa ɗaya tana da fuska uku: ya shahwa, ya shahi kowa, ya shahe bango. Ƙamus na Bargery (1934) ya ginu galibi bisa karin Kano. Taron Bamako na 1966 ya tsara baƙaƙe, na Yamai na 1980 ya nemi daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya. Cikakken bayanin karin Adar kuwa sai a 1991 Bernard Caron ya buga shi.

A ganinmu, rubuta «f» ya fi, domin yana nuna wa mai koyo cewa saiwar ɗaya ce. Amma tilas littafin malami ya faɗa a sarari cewa a Adar ana karanta ta «hw» ko «h». In ba haka ba, manomin Kaita zai ɗauka bakinsa ne ke da kuskure.