Karatun Laburare da Kimiyyar Bayanai a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Gabatarwa

Mun tanadi wannan shafi domin jama'armu na karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna. Manomi na bukatar sanin lokacin shuka da farashin taki, mai unguwa na neman takardar iyakar gona, ma'aikaci kuma na neman fayil ɗin fanshonsa. Idan takarda ta ɓace, sau da yawa haƙƙin mutum yakan ɓace tare da ita. Fannin da ke koyar da tattara bayanai da adana su da isar da su ga mabukata shi ake kira karatun laburare da kimiyyar bayanai.

Taƙaitaccen Tarihi

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A shekarar 1963 wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya gabatar da rahoto kan bukatun ɗakunan karatu a Arewacin Nijeriya, inda ya ba da shawarar a riƙa horar da ma'aikata a gida. A 1968 jami'ar ta buɗe sashen nazarin laburare, wanda shi ne na farko a ƙasar nan da ya fara ba da digirin farko a wannan fanni. Daga bisani Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suka buɗe nasu sassan.

Abin da Ake Koyarwa

Ɗalibi yakan koyi rarraba littattafai da jera su bisa tsari, da adana fayilolin ofis, da kare tsofaffin takardu daga gara da laima, da kuma sarrafa bayanai a kwamfuta da intanet. Wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB yakan shafe shekara huɗu. Babban ɗakin karatun jami'ar, wato Laburaren Kashim Ibrahim, yana kusa da ɗalibai domin su ga aikin da idonsu. A garin Kaduna kuma muna da Arewa House da reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda aka adana takardun En'e da rubuce-rubucen Larabci da Ajami.

Binciken da Ya Shafi Karkara

Daga cikin tambayoyin da masana fannin ke bincike a kai akwai: ta wace hanya labari ke isa ga mutumin da bai yi karatun boko ba? Mu a ƙauyukanmu mun san hanyoyin: rediyo, masallaci da coci, ranar kasuwa, fadar dagaci, malamin gona, sai kuma wayar hannu. Saboda haka sanarwar da aka liƙa da Turanci a sakatariya kaɗai ba ta wadatar ba. A Zariya akwai cibiyar NAERLS ta jami'ar, wadda aikinta shi ne kai sakamakon binciken noma ga manoma.

Haƙƙin Neman Bayani

A watan Mayu na 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta shafi gwamnatocin jihohi. Ga muhimman tanade-tanadenta:

1. Kowa na iya neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba.
2. Wajibi ne hukuma ta ba da amsa cikin kwana 7, kuma ƙarin lokacin da doka ta yarda da shi bai wuce wani kwana 7 ba.
3. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai nakasa, yana iya nema ta hannun wani.
4. Wanda aka hana yana iya zuwa kotu cikin kwana 30.
5. Lalata takardar hukuma da gangan laifi ne mai hukuncin ɗaurin aƙalla shekara ɗaya.

Dokar ta keɓe wasu bayanai, kamar na tsaron ƙasa da sirrin rayuwar mutane.

Kira

Kwana 7 ba sa isar ofishin da fayilolinsa ke jibge a buhuna. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su tura ma'aikatan rajista ƙarin karatu a wannan fanni. Haka kuma muna shawartar shugabannin makarantun sakandare su rubuta wa sashen takardar neman izinin kai ɗalibai ziyara, domin su gana da malamai kafin su cika fam ɗin JAMB.