Mazarin Damina Mai Bin Hadari

Mazari ƙwaro ne mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa. Nau'insa da yawa ne a ƙasar Hausa, amma akwai ɗaya da kan bayyana tuli guda da faɗuwar damina, a ga ayarinsa yana kewaya saman gonakin gero da kududdufai a Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, daga watan Yuni zuwa Satumba. Masana na kiransa Pantala flavescens. Baƙo ne, iskar da ke kawo hadari ce ke kawo shi.

Masanin ƙwari ɗan ƙasar Denmak, Fabricius, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1798, sannan Hermann Hagen ya ba shi sunan Pantala a 1861. An daɗe ana ganinsa a nahiyoyi daban-daban, har a kan jiragen ruwa can tsakiyar teku. Sai a 2009 Charles Anderson, mai nazarin halittun ruwa a tsibiran Maldif, ya nuna cewa yana tashi daga Indiya ya ƙetare teku zuwa Gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 3,500 a kan ruwa. Zuwa da komowa ya kai kilomita 14,000 ko fiye, kuma ba ƙwaro ɗaya ke gama zagayen ba: kaka ke farawa, tattaɓa-kunne ya ƙarasa. Binciken ƙwayoyin gado na 2016 ya samu cewa na Indiya da na Japan da na Amurka kusan dangi guda ne.

Gane shi ba wuya. Tsawonsa kamar santimita 4.5, jikinsa rawaya, na namiji ya ɗan fi ja. Fukafukansa garau suke, na baya suna da faɗi sosai daga gindi, wanda ke ba shi damar lulawa cikin iska ba tare da yawan kaɗawa ba. Ba ya son sauka. Yakan wuni a sama, in ya sauka kuma sai ya rataya a jikin ciyawa. Wanda ake rikita shi da shi, Tramea basilaris, yana da tabo mai duhu a gindin fukafukan baya.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne dangantakar mazarin damina da kududdufi. Ruwan da ke zaune duk shekara, irin na madatsar Sabke, akwai kifi a ciki mai cinye 'ya'yan ƙwari. Shi ya sa ya fi son ramin da aka haƙi ƙasar gini, ruwan sama ya cika shi. Nan macen ke zuba ƙwai, 'ya'yan su girma cikin mako shida ko takwas, suna cin 'ya'yan sauro, wanda ba ƙaramin taimako ba ne a watannin zazzaɓin cizon sauro. Kafin ramin ya ƙafe sun yi fukafukai, su bi ruwan sama zuwa kudu, tun hunturu bai iso ba.