Yadda Kyamara Ta Gaji Bindigar Mafarauci

A Ingila da Amurka na ƙarni na 19, mai son halittun daji yana nuna sonsa ne ta hanyar kisa da tarawa. Attajiri yana da kabad cike da ƙwayayen tsuntsaye, kowane da sunansa da ranar da aka kwaso shi daga sheƙa. Malamin kimiyya ba ya amincewa an ga wani tsuntsu a wata gunduma sai an ajiye masa gawarsa a tebur. Kafin ƙarshen shekarun 1880 ɓaunan Amurka, da a da ake ƙirga shi da miliyoyi, ya koma bai fi dubu ba, kuma a 1914 ta ƙarshe cikin wata irin kurciya da garkenta kan rufe rana ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati. A wannan zamani ne ɗaukar hoton namun daji da shimfiɗar ƙasa ya kafu, kuma waɗanda suka kafa shi galibi ba masu hoto ba ne na sana'a: akwai lauya, da manomi, da ma'aikatan kamfanin ɗab'i, da macen da ta haye shekara talatin kafin ta riƙe kyamara. Hujjar wannan rubutu ita ce, waɗannan masu sha'awa sun ɗauki ilimin farauta ɗungurungum, sanin sawu da iska da lokaci, suka raba shi da kisa, kuma wannan rabuwa ce ta sa hotonsu ya zama shaidar da kimiyya da doka suka jingina da ita.

Sai da kayan aiki suka yi sauƙi kafin hakan ya yiwu. Hanyar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a 1851 tana buƙatar a shafa wa farantin gilashi magani, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin maganin ya bushe, abin da bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Don haka William Henry Jackson, da ya bi tawagar binciken Yellowstone a 1871, sai da ya ɗora tantin wanke hoto da gilasai da kwalaben magani a bayan alfadarai. Dutse da tafki za su jira wannan hidima, barewa kuwa ba ta jira. A 1871 wani likitan Ingila mai hoto don sha'awa, Richard Maddox, ya bayyana yadda za a yi busasshen faranti da ake ajiyewa har sai an buƙace shi. A 1888 George Eastman ya fitar da Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. Idan ya ƙare sai a aika kyamarar Rochester a wanke a sake cika ta. A 1900 Brownie ta shigo kasuwa a kan dala ɗaya. Amma araha ta bayyana yawan masu kyamara ne kawai. Yawancinsu iyali da biki da bakin teku suka ɗauka. Waɗanda suka nufi daji sun je da wani abin da kanti ba ya sayarwa.

Richard da Cherry Kearton 'ya'yan ƙauyen Thwaite ne a tsaunukan Yorkshire, inda suka tashi da kiwon tumaki da neman sheƙa, kafin su sami aiki a kamfanin ɗab'i na Cassell a Landan. A watan Afrilun 1892 Cherry ya ɗauki hoton wata sheƙa da ƙwai a cikinta da kyamarar da ya saya ta hannu, kuma daga nan suka ƙudura tattara hotunan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya, littafin da ya fito a 1895. Dabarunsu duk na mafarauta ne. Sun sauka jikin duwatsun bakin teku da igiya, sun tsaya cikin ruwa har wuya, sun ƙera kututturen bishiya na ƙarya. Sun sa an ɗinka musu fatar sa a kan ƙirar katako, cikinsa fayau, mutum ya shiga ya duƙa, idon kyamara yana leƙowa ta wata kafa a ƙirjinsa, kamar yadda mafaraucin ƙasar Hausa ke ɗaura kan burtu ya sunkuya har ya kusanci nama. Wata rana san ya kife da ɗayansu a ciki, ƙafafu sama, ya kasa fita sai da ɗan'uwansa ya dawo. Abin lura a nan shi ne, mai kwasar ƙwai yana gamawa da sheƙa cikin minti ɗaya, mai hoto kuwa dole ya wuni a gabanta, ya dawo gobe, ya ga abin da uwa ke kawo wa 'ya'ya da sau nawa take zuwa. Buƙatar hoton ce ta tilasta masa ya koyi rayuwar tsuntsu, abin da gawa ba ta koyarwa.

A Amurka gadon farautar ya fi fitowa fili. George Shiras, lauya daga Pennsylvania, ya yi ƙuruciyarsa yana farauta a tafkin Whitefish na arewacin Michigan, inda ya koyi dabarar mutanen Ojibwa ta farautar dare: a kunna wuta a goshin kwalekwale, a tuƙa shiru, idon barewa ya ƙyalla a bakin ruwa, ta tsaya cak tana kallon hasken. Daga 1889 ya ajiye bindiga ya ɗora kyamara a wurinta, da fitilar kananzir da garin walƙiya mai fashewa da ƙara. Ya kuma ɗaura zare a hanyar dabba, ta yadda ita da kanta za ta tayar da walƙiyar, kuma wannan shi ne kakan kyamarorin tarko da masu bincike ke ɗaurewa a jikin bishiya a yau. A watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa guda, har biyu daga cikin shugabannin ƙungiyar da ke buga ta suka yi murabus don suna ganin an mai da mujallar ilimi littafin hotuna. Shi kuwa Shiras, a zamansa na majalisar wakilai tsakanin 1903 da 1905, ya gabatar da ƙudurin sa tsuntsaye masu ƙaura ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya. Bai wuce ba a lokacin, amma a kan wannan tunani aka gina dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918. A Oregon ma, hotunan da William Finley da Herman Bohlman suka ɗauka a duwatsun Three Arch, inda ake harbin tsuntsayen teku don nishaɗi, sun kai gaban Shugaba Theodore Roosevelt, kuma a 1907 aka keɓe wurin.

Bayan ilimin farauta, ƙarfin mai sha'awa na biyu shi ne zama wuri guda. Mai hoton sana'a yana zuwa ne inda aka aike shi, ya tafi idan kuɗin aikin ya ƙare. Wilson Bentley manomi ne a Jericho ta jihar Vermont, kuma a watan Janairun 1885 ya haɗa kyamara da madubin ƙara girma ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda. Yakan tare ta a baƙin allo, ya ɗauke ta da tsinke, ya riƙe numfashi kada ɗuminsa ya narkar da ita. Ya yi ta haka kowane hunturu har rasuwarsa a 1931, ya bar hotuna sama da 5,000. Emma Turner kuwa ta fara hoto ne bayan haɗuwa da Richard Kearton a 1900, ta riƙa zama a jirgin ruwa mai ɗaki a fadamun Norfolk. A 1911 ta ɗauki hoton ɗan tsakon wani tsuntsun fadama dangin zalɓe, wanda aka daɗe da yanke cewa ya daina hayayyafa a Birtaniya. Da a da ne, sai an kashe shi kafin a yarda. Ko hoton da ba a ɗauka don kimiyya ba yana zama shaida idan yana da kwanan wata: masu bincike a Boston sun jera hoton maƙabartar Lowell na 30 ga Mayun 1868, bishiyoyi ba ganye, da na 30 ga Mayun 2005, bishiyoyin sun rufe da kore, cikin hujjojinsu na cewa tohon ganye yana zuwa da wuri fiye da da.

Akwai masu cewa duk wannan farauta ce da ta sauya riga, kuma suna da abin kafa hujja. Littafin da Bajamushe Carl Georg Schillings ya fitar a 1905 kan Gabashin Afirka ya haɗa walƙiya da bindiga tun daga sunansa. Tafiyar farautar da Roosevelt ya yi a can daga 1909 zuwa 1910, wadda Cherry Kearton ya ɗauki wani ɓangarenta a fim, ta kashe manyan dabbobi sama da 500. A ƙasashensu ma masu hoto sukan datse rassan da suka kare sheƙa don haske ya shiga, su tafi su bar ta a fili ga hankaka. Mujiyar da ta cire wa mai hoton tsuntsaye Eric Hosking idon hagu a 1937 tana kare 'ya'yanta ne daga abin da ta ɗauka barazana. Duk wannan gaskiya ne, amma yana nuna cewa rabuwar ta ɗauki lokaci ne, bai nuna ba ta faru ba. Bambancin yana cikin ribar kowane ɓangare. Mai tara ƙwai yana ƙara samun daraja idan tsuntsu ya yi ƙaranci, don ƙwan ya ƙara tsada. Mai hoto yana asara idan sheƙar ta mutu, don badi ba shi da abin ɗauka. Shi ya sa, da Birtaniya ta hana kwasar ƙwan tsuntsayen daji a 1954, sannan dokar 1981 ta tabbatar da cewa sai da lasisi ake kusantar sheƙar tsuntsayen da ke cikin haɗari, ɗaukar hoto ya ci gaba da bunƙasa a ƙarƙashin ƙa'idar, tara ƙwai kuwa ya koma aikin ɓoye.

Wasu kuma suna cewa hoto ba shaida ba ne tunda ana iya shirya shi. An ƙwace babbar kyautar gasar hoton namun daji ta Landan ta 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke tsallake shinge na haya ne, horarre. A 2018 an soke wani hoton dabbar da ke cin gara a jikin suri, don an gano ƙunsasshiyar fata ce. Sai dai a duba yadda aka kama su: an gwada zanen jikin dabbar da ke hoton da wasu hotunan da aka ɗauka a wani wuri. Yawan masu kyamara shi ne ya tona asirin. Wanda ya yi ƙaryar inda ya samo ƙwai a 1880 da wuya a kama shi, don ba wanda ya ga wurin sai shi. Zargin da ya fi nauyi shi ne cewa abin na masu hali ne, kuma Shiras ɗan alƙalin kotun ƙoli ne. Amma Bentley manomi ne, su Kearton 'ya'yan ƙauye ne, kuma farashin shiga yana ta sauka tun daga Brownie har zuwa wayar hannu. Manhajar iNaturalist da aka fara a 2008 tana karɓar hoton kowa tare da wuri da rana, kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar A. P. Leventis ta Jos ke jagoranta ya dogara ne da 'yan sa-kai masu fita daji a yankunansu.

Ba hoto kaɗai ya ceci wata dabba ba. Doka da kuɗi da masu gadin daji ne suka yi wannan aiki. Abin da masu sha'awa suka yi shi ne sauya abin da ake alfahari da shi da abin da ake karɓa a matsayin hujja, har ya zama mutum yana iya dawowa daga daji hannu wofi a ce ya yi nasara. Tarihin ya kuma bar ma'aunin da za a auna mai riƙe da waya a Yankari ko fadamun Hadeja da Nguru: ya rubuta wuri da rana, ya koma wurin a damina da rani, kuma dabbar ta ci gaba da harkarta bayan tafiyarsa. Hoton da ya cika waɗannan sharuɗɗa yana ƙara amfani da tsufa, ko da bai ci gasa ba.