Yadda Waƙa Ta Yi Ƙaura Daga Talabijin Zuwa Waya

Ranar 1 ga Agusta, 1981, aka buɗe wata tashar talabijin a Amurka mai suna MTV, wadda ba ta da aiki dare da rana sai nuna bidiyon waƙoƙi. Waƙar da ta fara sakawa ta wasu Turawan Ingila ce da ake kira The Buggles, kuma jigonta shi ne bidiyo ya binne taurarin rediyo. Ashe ita ma tashar magajinta yana nan tafe.

Cinikin ya yi wa kowa daɗi da farko. Kamfanonin faifai su ne ke kashe kuɗi su shirya bidiyon, su miƙa wa tashar a matsayin talla. Ita kuma ta cika lokacinta da su, ta karɓi kuɗin 'yan kasuwa masu tallata hajarsu. Wannan ya sa wuƙa da nama suka koma hannun wasu 'yan tsirarun ma'aikata da ke zama su zaɓi waƙar da za a saka. Wanda suka ɗauka ya haye, wanda suka ƙi kuwa sai ya yi ta haƙuri. A shekarun farko mawaƙa baƙar fata ba su cika samun shiga ba, har Rick James ya fito fili ya koka. Sai a 1983, da Michael Jackson ya zo da "Billie Jean", sannan da "Thriller" mai tsawon kusan minti 14, ƙofar ta buɗe sosai.

To amma waƙa tana da wata illa ga mai gidan talabijin. Ba ta wuce minti huɗu ko biyar, kuma da zarar an sako wadda ba ta yi wa mai kallo ba, sai ya murɗa wata tashar. Mai talla kuwa so yake a zauna daram. Saboda haka tun 1992 MTV ta fara shigo da shirye-shiryen zaman gida na matasa, irin su The Real World, waƙa tana ta ja da baya. A ganinmu, nan ne masu cewa intanet ta kashe tashar suke yin tuya su manta da albasa. Tashar ce ta fara sakin waƙa da hannunta, intanet tsintar dami ta yi a kala.

A 2005 aka kafa YouTube, shekarar da aka buɗe MTV Base domin Afirka. Kamfanin Google ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan 1.65. Da fari kamfanonin faifai kallon ɓarawo suke yi masa, domin jama'a na ɗora waƙoƙinsu ba izini. Da suka ga abin ya fi ƙarfinsu, sai Universal da Sony suka haɗa kai da Google suka kafa Vevo a 2009, don su riƙa cin rabonsu daga kuɗin talla. A 2010 MTV ta goge kalmomin da ke nuna ita tashar kiɗa ce daga tambarinta. A Disamba 2012 wata waƙa da harshen Koriya, "Gangnam Style" ta Psy, ta zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan ɗaya. Da wuya a ce waɗancan masu zaɓe na 1981 za su saurari irin wannan waƙa har ƙarshe. A 2013 mujallar Billboard ta fara lissafa kallon YouTube wajen jera waƙoƙin da suka fi tashe. Daga ƙarshe, a ƙarshen 2025, aka rufe sauran tashoshin MTV na zallar waƙa a Ingila.

Mu a nan ƙasar Hausa, hanyar da muka bi ta ɗan sha bamban, domin waƙarmu ta zamani a bayan fim ta hau. Bayan Turmin Danya na 1990, da kuma Sangaya da ya sa rawa da waƙa suka zama gishirin fim, a kaset muka riƙa kallon waƙa, daga baya a faifan sidi. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma masu memori suka biyo baya, sai ga matasa a bakin kasuwa da kwamfuta suna tura wa mutane waƙoƙi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wato kafin data ta yi araha, idonmu ya riga ya saba da ƙaramin gilashi. Ko da Arewa24 ta zo a 2014 da shirye-shiryenta na waƙa, ta tarar da waya ta riga ta shimfiɗa tabarma. A 2020 kowa ya shaida yadda "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta karaɗe gidaje ta hanyar waya, ba tare da ta jira wani gidan talabijin ya yi mata iso ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi, mai zaɓe bai mutu ba, kama ya sauya. A da mutum ne mai suna da ofis, ana iya rubuta masa takardar koke. Yanzu na'ura ce ke auna abin da yaro ya kalla jiya, ta tura masa irinsa yau. Hukumar tace fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, tana iya kiran furodusa ko mawaƙi, amma ba ta da iko a kan wannan na'ura. Talabijin a tsakar gida yake, uba na ji, uwa na gani, in an sako abin kunya a tashi a kashe. Mu da ke aji kuwa mun san ɗalibi na iya haddace waƙa talatin da iyayensa ba su taɓa jin ko ɗaya ba.

Duk da haka ba za mu ƙi faɗin alherin abin ba. Hotunan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da aka ɗauka yana waƙa da makaɗansa, yau a YouTube jikokinmu ke ganin su. Sai dai masu sha'awa ne suka kwafo su daga tsofaffin kaset suka ɗora, hoton ya dushe, sau da yawa babu shekarar da aka ɗauka, babu wurin, balle sunan mai kalangun da ke zaune a gefensa.