Tsaunukan Alps

Alps jerin tsaunuka ne a nahiyar Turai, mai tsawon kimanin kilomita 1,200. Ya ratsa ƙasashe takwas, ciki har da Faransa, Suwizalan, Italiya, Jamus da Ostiriya. Ƙololuwa mafi tsayi ita ce Mont Blanc, wadda ta haura mita 4,800.

Alps na cikin tsaunukan naɗi. Ɓawon ƙasar Afirka ne ya yi ta matsa na Turai tsawon miliyoyin shekaru har tekun Tethys ya rufe, shimfiɗun duwatsun ƙarƙashinsa suka lanƙwashe suka hau kan juna kamar tabarmar da aka tura daga gefe biyu. Shi ya sa ake tsintar burbushin halittun teku a can saman tsaunukan.

Ƙanƙara ce ta sassaƙa musu kamanninsu na yau, kuma nan ne ɗalibin labarin ƙasa ya kamata ya fi natsuwa. Kogi yakan haƙa matsattsen kwari mai siffar V. Kogin ƙanƙara kuwa yana kankare gefe da ƙasa, ya bar faffaɗan kwari mai siffar U, irin na Lauterbrunnen. Inda ƙanƙara ta ci tsauni ta ɓangarori uku ko huɗu, sai a sami tsini irin na Matterhorn, mai tsayin mita 4,478. Tafkunan Janeba da Garda ma suna kwance ne a kwaruruwan da ƙanƙara ta zurfafa.

Aletsch, kogin ƙanƙara mafi girma a Alps, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2001, kuma yana ta raguwa saboda ɗumamar yanayi.